Mai Rumbu da Hannunsa na Dama

Kafin masu shara su gama goge barandar babban asibitin, shi ya riga ya sauka ƙasa. Ofishinsa ba a bene yake ba. Sai ka wuce ɗakin wanki, ka bi wani matsattsen lungu inda bututun ruwa ke ɗiga, sannan ka tarar da ƙofar ƙarfe da ba a rubuta komai a jikinta ba. A nan yake zura wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka da ke rataye a ƙusa, domin ɗakin kamar cikin firij yake, rani da damina. Ba don shi ake sanyaya ɗakin ba. Don injuna ne.

Injunan su ne manyan kwamfutocin da ma'aikata ke kira saba. Suna jere cikin akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum, suna gurnani ba hutu. Wasu a nan suke, wasu a rassan asibitin da ke warwatse cikin gari da wajensa, in an haɗa sun haura ɗari biyu. Su ke riƙe da sakamakon gwaje-gwaje, da hotunan ƙashi, da bayanin maganin da aka ba kowane majiyyaci, da ƙararrawar firij-firij ɗin da ake ajiye jini. Shi kuwa ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya. Tun shekaru ashirin da wani abu da suka wuce ya tattara duk umarnin da suke aiki da shi, ya zuba a ma'aji guda, ya haɗa kowane inji da ma'ajin ta layin sadarwa. Can kowane inji ke leƙawa ya karanta abin da zai yi, kamar gidajen da ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. In aka gyara layi guda a can, duka sun gyaru. In aka ɓata layi guda, duka sun ɓaci. Ma'ajin shi suke kira rumbu, shi kuma Mai Rumbu. Akwai likitocin da suka tsufa a asibitin ba su san sunansa na gaskiya ba. Akwai waɗanda ba su ma san da shi ba.

Abin da yake fara dubawa kowace safiya wani tsohon inji ne a kusurwa, wanda ba ya riƙe da aikin kowa. Sunansa Zakara, wato zakaran gwajin dafi. Duk wani canji, komai ƙanƙantarsa, Zakara ake fara ɗura wa. In ya haɗiye ya ci gaba da numfashi, a sakar wa saura. In ya sheƙa, a tashe shi, a sake lale. Wannan ce doka ta farko. Ta biyu suna ce mata ido huɗu: ba mai rubutu a rumbu shi kaɗai. Ɗaya na bugawa, ɗaya na tsaye a bayansa yana karantawa da ƙarfi, harafi bayan harafi.

Mai karatun yawanci Gajere ne, abokin aikinsa, magidanci mai tumbi da baki, wanda ya yi fiye da rabin shekarun aikinsa a wannan ɗaki.

"Na yi wa Zakaran nan jana'iza ba iyaka," in ji Gajere, "ko ta'aziyya ba a taɓa yi mini ba. Amma a tambayi kowa, yaushe rabon da a ga dukan injuna sun kwanta lokaci ɗaya?"

Wadda ke iya amsa wannan tambaya ita ce shugabar ɗakin gwajin jini, wadda kowa ke kira Anti. Ta tuna ranar, da daɗewa, lokacin rumbun yana guda ɗaya tilo. Da hantsi wuta ta yi tsalle ta ƙona wani sashe nasa. Injuna ba su mutu ba, tsayawa suka yi cak, kowanne ya miƙa wuya yana jiran rumbu ya amsa. Abin da ya fi muni, kayan gyaran Mai Rumbu ma a cikin rumbun ya ajiye su. An kulle ɗaki, makulli na ciki.

"Ranar na fara sauka ramin nan," in ji Anti. "Na taho da zagi cike da bakina. Na same shi zaune a ƙasa, wayoyi a cinyarsa, tarhon Darakta na ta ƙara bai ɗauka ba. Kafin in buɗe baki ya ce, 'Anti, wa ya fi kusa da mutuwa?' Zagin ya maƙale. Na ce akwai wata mai haihuwa, jini ya ɓalle mata, ba mu iya ganin wane jini ya dace da nata."

Ya bar sauran injunan a tsaye. Ya ware guda ɗaya, na ma'ajiyar jini, ya raba shi da rumbu, ya rubuta masa umarninsa da hannu daga abin da ke kansa, har ya tashi. Sannan ya koma kan saura. Matar ta rayu. Jaririn bai rayu ba. Likitoci sun ce ba jinkirin ba ne, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Shi dai bai taɓa maimaita maganar tasu da bakinsa ba. Bayan nan ya gina rumbu na biyu, inuwar na farko, ya kuma sa kowane inji ya riƙa ajiye kwafin umarninsa na ƙarshe, abin da yake kira guzuri, don in an yanke hanya kada ya tsaya yana kallon ƙofa. Tun daga ranar ba a sake ganin irinta ba. Ba wanda ya ba shi takardar yabo, domin ba a yabon abin da bai faru ba.

Mai Rumbu, kai ne maɗaurin tsintsiya. Kowa na ganin an share ɗaki, ba mai duban igiyar. Kai ne wanda in aikinka ya yi kyau sai a manta da kai, in ya ɓaci a nemo lambarka.

Da su biyar ne a ɗakin. Ɗaya ya rasu, biyu sun sami inda ya fi. Duk shekara Darakta na cewa za a ɗauki sababbi. Duk shekara Gajere na cewa, "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa." Injuna suka yi ta ƙaruwa, kujeru suka yi ta zama wayam, har suka rage su biyu.

Matar Mai Rumbu ce ta fara lura. Wata safiya tana zaune gabansa, ta ji cokali na ƙara a cikin kofi ba tare da ana juyawa ba.

"Baban yara, shayin ne ke rawa ko kofin?"

"Teburin ne."

"Teburin da muka aurar da 'ya'ya uku a kansa, yau ya koyi rawa?"

Ya sauya kofin zuwa hannun hagu. Bayan 'yan makonni ita ke ɓalla masa maɓallin wuyan riga, tana yi tana zancen wani abu daban, farashin gas ko ciwon ƙafar maƙwabciya, don kada su haɗa ido. Da ta gaji da rarrashinsa ya ga likita, ta kira babbar 'yarsu, su biyu suka tasa shi gaba zuwa wurin likitan jijiya, a bene na uku na asibitin da yake aiki a ƙarƙashinsa. Likitan, mutum mai kirki, ya buɗe hoton kansa a kwamfuta, hoton ya fito nan take ba ɓata lokaci. Mai Rumbu ya lura da wannan kafin ya lura da abin da ke cikin hoton.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"A nan ƙasa nake."

"Wajen masu wanki?"

"Kusa da su."

Likitan ya ce ciwon makyarkyata ne. Magani na rage masa gudu, ba ya tsayar da shi. Ya ce a guji aikin da ke buƙatar nutsuwar yatsa. Mai Rumbu ya yi godiya, ya karɓi takardar magani, ya sauka ƙasa ya ci gaba da aiki.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, tunda jinjina ba ƙarya ba ce: ya ɓoye. Watanni ya yi hannun dama na cikin aljihun rigar sanyi. Ya koyi bugu da hagu, a hankali, ya ce idonsa ne ya fara gajiya. Ba don yana raina haɗarin ba, ya fi kowa saninsa. Amma mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a ɗaki ɗaya ba ya da wani wurin da ya san inda kujera take. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. 'Ya'yansa sun girma yana ƙarƙashin ƙasa. In ya bar ɗakin, bai san ko shi wane ne ba da ƙarfe takwas na safe.

Gajere ya gani, ya yi kamar bai gani ba, sai dai tsokana.

"Maigida, an zama ɗan gayu ke nan? Hannu a aljihu kamar mai jiran budurwa."

"Karanta layinka, Gajere."

Sai dai tun daga lokacin Gajere ya daina fita shan iska in ana rubutu, karatunsa kuma ya ƙara ƙarfi.

Ranar da abin ya faru, Gajere ba ya nan. Wani reshe a bayan gari ya yanke daga layi, ɓera ya ci waya, kuma ba wanda za a aika sai shi. Da hantsi Anti ta bugo. An kawo sabuwar ƙa'ida: ƙararrawar firij ɗin jini ta riƙa kuka da zarar zafi ya wuce digiri shida, maimakon takwas da aka saba. Masu duba asibitoci na tafe da rana, tana son a gyara kafin su iso. Aikin lamba ɗaya ne, a layi ɗaya, a fayil ɗaya. Mai Rumbu ya dubi kujerar Gajere. Ya dubi agogo. Ya ce a ransa, lamba ɗaya ce.

Da hagu ya buɗe fayil ɗin, amma da ya zo kan lambar, sabo ya rinjayi dabara, hannun dama ya fito daga aljihu. Ya goge takwas, ya buga shida. Ya ɗura wa Zakara. Zakara ya haɗiye lafiya lau. Ya sakar wa saura, injuna ɗari biyu da wani abu suka leƙa rumbu suka karanta, ba wanda ya yi tari. Masu dubawa suka zo suka zagaya suka tafi.

Sai da la'asar, yana sake bin abin da ya taɓa a ranar kamar yadda ya saba kafin ya tashi, ya ga layin. Ba shida ba ce. Sittin da shida ce. Yatsan ya sauka sau biyu.

Zakara ba zai kama wannan ba. Sittin da shida lamba ce halastacciya, inji ba ya gardama da ita. Ma'anarta dai ita ce, tun hantsi, a babban asibiti da duk rassan da ke kan layi, ko da firij ya mutu jinin ciki ya dahu, ba ƙararrawar da za ta ce uffan. Jinin da ya lalace kuwa ba ya sauya kama a cikin leda. Sai an ɗaura wa mutum.

Ya gyara lambar da hagu. Sannan ya bi bayanan kowane firij, reshe bayan reshe, yana duba zafin da ya kai a tsawon yinin. Ba wanda ya wuce ƙa'ida. Ba ledar jini ko ɗaya da ta taɓu. Ba wanda ya sani, kuma ba hanyar da wani zai sani, domin ba mai karanta wannan fayil sai su biyu.

Gajere ya dawo da ƙura a wando da labarin ɓera. Bai kai ƙarshen labarin ba, Mai Rumbu ya juyo masa da fuskar kwamfutar, ya nuna masa tsohon layin da sabon. Sannan ya fito da hannun dama ya ɗora a kan tebur. Suka zauna suna kallonsa yana kaɗawa shi kaɗai, kamar ba na kowa ba.

"Na sani tun tuni," in ji Gajere.

"Na san ka sani."

"To ai shi ke nan. Ba abin da ya faru. Laifin ɓera ne da ya raba mu. Daga yau ko gobara ake a reshe ba na fita in bar ka."

"Za ka fita. Mu biyu ne. Wata rana Anti za ta sake bugowa, kai kana bayan gari, ni kuma in sake cewa lamba ɗaya ce. Na san kaina, Gajere. Yau sa'a ce ta tsare jinin nan, ba ni ba."

Washegari ya hau bene, abin da ba ya yi sai dole. Ya fara da Anti, domin jininta ne ya zauna ba mai gadi. Ta saurare shi har ƙarshe, ta cire gilashinta, ta ce, "Da ka yi shiru fa?" Ya ce, "Da kin ci gaba da yarda da ni." Darakta kuwa tsorata ya yi, amma ba da lambar ba. "Haba Malam, wa zai riƙe mana wurin? Ka ɗauki hutun mako guda, ka sha magani, ka dawo. Ai ba a yi asara ba." Mai Rumbu ya ce zai zauna har lokacin ritayarsa, zai duba, zai ba da shawara, zai karanta wa Gajere layi. Amma ba zai sake rubutu a rumbu ba, kuma ba alkawari yake nufi ba, domin alkawari ne ya karye jiya. So yake a toshe hanyar.

A gida ya faɗa wa matarsa. Ita ce ta yi shekaru tana cewa ramin nan ya cinye mata miji, yanzu kuma ita ce ta ji tsoro.

"In sun ga ba ka taɓa komai, za su ce ba ka da amfani."

"Za su ce."

"In ka dawo gida me za ka yi? Ko kaza ba ka iya kiwo ba."

"Sai ki koya mini."

Ba wanda ya yi dariya a cikinsu.

Sunayen waɗanda ke da izinin rubutu a rumbu, su ma a cikin rumbun suke, a wani ɗan fayil. Da layi biyar ne, yanzu biyu. Mai Rumbu ya ce Gajere ya goge na sama, mai ɗauke da sunan shi Mai Rumbun. Gajere ya tura kujerarsa baya.

"Wallahi ba da hannuna ba. Kai ka ɗauke ni aiki ban san gaban inji da bayansa ba. Maigida, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ban yanke ba. Aljihu zan mayar da shi. Tashi ka tsaya a bayana, ido huɗu ne."

Gajere ya tashi. Mai Rumbu ya kama wuyan hannunsa na dama da hannun hagu, ya miƙa yatsa ɗaya, ya shiga gogewa. Gajere na karanta haruffan sunan da ƙarfi suna ɓacewa daga ƙarshe zuwa farko, muryarsa na raguwa, har layin ya zama fili. Aka ɗura wa Zakara, kamar kowane canji. Zakara ya haɗiye. Gajere ne ya sakar wa saura, domin a lokacin ba wani mai iko sai shi. Da a ce injunan kowanne zaman kansa yake, da sai an yi kwanaki ana bin su ana cire sunan. Amma aikin Mai Rumbu mai kyau ne. Kafin ya saki wuyan hannunsa, injuna ɗari biyu da wani abu sun manta da shi gaba ɗaya.

Bai taɓa yarda da gyaran da bai gwada ba. Ya buɗe fayil ɗin firij, ya ƙara harafi guda, ya nemi ajiyewa. Rumbun ya amsa da gajeren layi, cewa ba shi da izini. Ya sake gwadawa ta wani inji na can bayan gari. Amsa ɗaya.

"Madalla," ya ce. "Ya kamu."

Gajere ya fita lungu, ya daɗe bai dawo ba.

Ƙarshen wannan wata Mai Rumbu zai yi ritaya. Har yanzu yana sauka kowace safiya, ya tsaya a bayan Gajere yana karanta layi da ƙarfi, hannu a aljihu. Ba a ɗauki kowa ba. Darakta ya ce ana kan magana. Daga wata mai kamawa, dokar ido huɗu za ta rage ido biyu, kuma wannan rubutu ba shi da albishir a kan haka. Masu iko da asibitin, in sun karanta, sun san inda ƙofar ƙarfen take.

Kai kuwa, Mai Rumbu, mun gode. Mun gode da shekarun da ba abin da ya faru a cikinsu. Mun gode a madadin waɗanda aka ɗaura wa jini mai kyau suka koma gida ba su san akwai mutum a ƙarƙashin benen ba. Kai ne ka gina wurin da kuskure ɗaya ke isa ko'ina, kuma da ka ga kuskuren zai fito daga jikinka, ba ka jira an zo an roƙe ka ba. Allah ya sassauta maka ciwon, ya ba iyalinka haƙurin zama da kai da rana.

Saura mu. Kowannenmu na riƙe da wani makulli, na ofis, na aji, na sitiyari, na ɗakin tiyata, kuma kowannenmu akwai ranar da hannunsa zai fara rawa. Yawancinmu a ranar ƙara damƙewa muke yi, mu ce lamba ɗaya ce. Wanda ya kai wannan rana, ya tuna akwai wani dattijo a ƙarƙashin wani asibiti da ya goge sunansa da yatsansa, sannan ya murɗa ƙofar ya tabbatar ba za ta buɗe masa ba.